Mushen da Ya Ajiye Alli

Ranar da A'ishatu ta fara ganinsa, haushinsa ta ji.

Fura ta kawo wa babanta garka da hantsi, kamar kullum. Garkar Malam Hamani tana bayan ƙauyensu, gabas da Malbaza, kuma kowa a yankin ya san ta saboda kyan irin albasarta. A shekarar ne ya gaji da wahalar man inji, ya sa aka kawo masa famfo mai aiki da hasken rana. Tana shigowa ta ga wani dogon saurayi a kan tsani yana ɗaure farantan sola, rigarsa a soke cikin wando kamar mai shirin zuwa buro, wato ofis.

"Sannu da aiki," ta ce, idonta a ƙasa.

Bai amsa ba. Hannu kawai ya ɗaga mata.

A'ishatu ba ta da yawan magana. Kafin ta gaida baƙo sai ta yi ta shawara da zuciyarta. Ga shi ta daure ta gaida wannan, ya ɗaga mata hannu kamar jandarma a kan hanya. Ta ajiye ƙwaryar a gindin mangwaro, ta ce a ranta, girman kai.

Da ya gama ya sauko, ya matso kusa da Malam Hamani. Sai a lokacin ta ji muryarsa. A dushe take, ƙasa ƙasa, kamar mai raɗa.

"Baba, wa ke ban ruwa da safe?"

"Ga ta nan, A'i. Yayyenta duk sun tahi cin rani."

Ya yafito ta. Ta zo tana jan ƙafa. Ya laluba aljihu ya fito da guntun alli, ya tsuguna gaban akwatin ƙarfen da wayoyi ke shiga, ya fara zane a jikinsa. Ya zana rana, ya zana rijiya, ya zana famfon yana reto a cikinta. Ya nuna mata yadda ake wanke farantan tun kafin su yi zafi. Ya nuna mata ƙananan fitilu biyu, koriya da ja. Ya kama igiyar da ke riƙe da famfon ya nuna mata wani ƙulli.

"Wannan ƙullin kada ya wuce bakin rijiya. In ya wuce, famfon ya taɓa ƙasa ke nan, rairai zai sha maimakon ruwa. Kin gane?"

Ta ɗaga kai.

"To, maimaita mani."

Ta kalli babanta. Ta kalli ƙasa. Can ta maimaita, tiryan tiryan, ba ta bar ko ɗaya ba.

"Madalla!" Ya tafa hannu sau biyu, fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir.

Malam Hamani ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai Idrissa, mai gyara ne kai ko mushen lakwal?"

Murmushin ya ɗan ragu. "Mushe ne dā, Baba."

Suna shan fura ya ba da labarin. Mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, na kwantaragi, a wani ƙauye na ƙasar Illela, shekara da shekaru. Ajinsa rumfar kara ce, yara cike maƙil, na baya ba sa ji sai an ɗaga murya. Ya yi ta ɗagawa har wata safiya ya buɗe baki babu abin da ya fito. Likita ya duba maƙogwaronsa ya ce masa ya zaɓa, ko aji ko muryar da ta rage.

"Na gwada kabu-kabu a Konni," ya ce. "Ashe shi ma sai da murya. Kafin in ce hajiya ina za ki, wani ya ɗauke ta. Abokina Almoustapha ya kai ni wurin masu fitar da kaya a kan iyaka. Can kuma ihu ne abincinsu. Sai na ji ana koyar da aikin sola, na shiga. Rana dai ba ta bukatar a yi mata tsawa."

A'ishatu ta ji kunya ta rufe ta. Ashe gaisuwarta ya amsa da abin da yake da shi.

Kafin ya hau motonsa, wato babur, ya rubuta lambarsa da alli a ƙarƙashin zanen.

"In jar wuta ta kama, ki aiko saƙo. Kada ki kira, ba za ki ji ni ba."

Jar wuta ba ta kama ba. Kullum A'ishatu sai ta duba, kullum koriya ce. Har ta fara jin haushin famfon saboda lafiyarsa. Wata rana bayan ta gama ban ruwa ta zauna a gindin mangwaro da wayarta. Karatunta bai yi nisa ba, tana aji uku Inna ta kwanta ciwo aka cire ta daga makaranta. Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge, sannan ta rufe ido ta tura.

"Salamu alaikum Mushe. A'i ce ta garka. Wutar koriya ce. Ba ta yi ja ba."

Ba a jima ba wayar ta yi ƙara.

"Wa alaikumus salam. Tun da na fara aikin nan ba a taɓa aiko mani saƙo don a ce komai lafiya ba. Kin gyara mani yinina, ɗalibata."

"Ka yi haƙuri da rubutuna. Ban yi lakwal sosai ba."

"Na karanta shi har sau uku, ban nemi jan biro ba. Gobe ma ki faɗa mani launin wutar."

Haka aka fara. Daga launin wuta aka koma me kika ci, daga nan aka koma me kike tunani. Shi yana kiranta Ɗalibata, wani lokaci Shatuna. Ita kuwa ta daɗe a kan Mushe, sai wata rana ta ƙara masa harafi biyu, ta rubuta Mushena, ta kife wayar a kan tabarma ta gudu madafa.

Da ya nemi izini ya fara zuwa zance bayan la'asar. Sukan zauna a ƙofar gida, shi a bakin tabarma, ita a ɗaya bakin. Shi ba murya, ita ba baki. Inna Uwani tana tankaɗe a tsakar gida takan leƙo.

"Ni dai ban taɓa ganin zance irin wannan ba. Ko kaji ba su tashi. Ku yi tari mana, in san kuna da rai."

Idrissa ya yi dariyarsa marar sauti. Ya dubi A'ishatu.

"Shatu, ba ki gajiya da matsowa kafin ki ji ni?"

"Mutane duk ihu suke yi mani don in yi magana," ta ce tana wasa da bakin mayafinta. "Kai kaɗai ne kake jira."

Ya dube ta ya ce, "Zan turo kawuna."

Amma wani ya riga kawun zuwa. Faruk ne, mai babban shagon kayan sola a Birnin Konni, wanda a wurinsa aka sayo famfon. Shi ya turo Idrissa ya haɗa shi tun farko. Ya zo duba aiki, ya ga A'ishatu tana wanke farantai, daga ranar motarsa ta san hanyar ƙauyen. Yana da fara'a, yana da kyauta, shaddarsa kullum a goge.

Ya tarar da Malam Hamani a bakin fangalin iri, yana cire 'yan albasa yana ɗaurawa dami dami. Wani maƙwabci da tsutsa ta cinye wa nasa irin yana tsaye yana jira. Haka Malam Hamani yake tun yana saurayi. Duk wanda irinsa ya lalace, in ya zo ba ya komawa hannu wofi. Maƙwabcin ya karɓa ya yi godiya ya tafi, Faruk ya gyara tsayuwa.

"Baba, na ji yaron nan Idrissa yana zuwa gidanka. Ni ba ɓata shi zan yi ba, yana da kirki. Amma ni na sallame shi daga aikina."

"Sata ya yi?"

"Ina ma sata ce. Baba, mai gyara ba ya buɗe akwati a gaban mai kaya. Baya yake juya masa, ya gyara, ya rufe. Haka muka tarar ana yi, mai gyaran rediyo, mai gyaran moto, kowa. Shi kuwa tara mutane yake yi yana yi masu darasi da alli. Ka gane? Maimaita mani! To in kowa ya iya, baɗi wa zai kira shi?"

Maganar ta zauna wa Malam Hamani a rai.

Da kawun Idrissa ya zo daga Illela da goro, aka karɓe shi da mutunci, aka ba shi ruwa da fura. Sannan Malam Hamani ya faɗi abin da ke ransa.

"Ba ni da abin cewa bisa halinshi. Amma ku duba mani. Ya bar aikin gwamnati, na ce lalura ce. Ya kama sana'a, sana'ar ma yana rabon ta garka garka kamar sadaka. Mi ɗiyata za ta ci? Alli? Ban ce sai wane ba, ba ni yi mata dole. Amma ban ba da ita ga wanda ke kashe kasuwarshi da hannunshi. Ya dakata da zuwa."

A'ishatu tana bayan zana ta ji komai. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta je ta wanke farantan da ta riga ta wanke.

Saƙonsa ya shigo da yamma.

"Shatuna, Baba yana da gaskiyarsa, tsoro yake ji maki. Na gwada juya wa mutum baya in gyara, wallahi zuciyata ta ƙi. Ban iya ba. Amma ban fasa ba. Ki ba ni lokaci."

"Ina nan Mushena. Wutar koriya ce."

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Sai Faruk ya zo gaida Inna, yana fita ya tsaya kusa da A'ishatu kamar abin ya faɗo masa ne.

"Mushenki ya samu wurin hutawa fa. Kullum motonsa na ƙofar wata Madam Fati a Konni. 'Yar boko irinsa. Kin san su, sai da wadda za su yi faransanci tare."

Ba ta yarda ba. Amma ranar da suka je kasuwar Konni da Inna, kabu-kabu ya bi da su ta wani lungu, ta ga moton da ta sani ko a mafarki. Ga Idrissa a tsaye a ƙofar wani gida, ga wata mace mai gilashi tana miƙa masa ruwa, tana dariya har da dafa bango. A hannunsa akwai atamfa sabuwa.

A'ishatu ta juyar da kai. Ta tuna ajinta uku. Ta tuna yadda take goge saƙo kafin ta tura.

Daga ranar ta daina amsawa.

"Ɗalibata, yau ba a faɗa mani launin wuta ba."

"Shatu, lafiya? Ko wayar ce?"

"In laifi na yi, ki faɗa mani in gyara. Gyara ne aikina."

Takan karanta, ta sa wayar a ƙarƙashin matashi.

Lokacin dashe ya zo. Gidan gaba ɗaya suka duƙufa, har da mata maƙwabta, aka dasa garkar tun daga bakin rijiya har shinge. Albasar da aka dasa jiya jaririya ce, in ta yi yini biyu ba ruwa ta tafi. Kuma a kanta gidan yake dogara har shekara ta zagayo.

Washegari da hantsi ruwan tiyo ya yi tari, ya yi tari, ya tsaya. A'ishatu ta ruga wurin akwati. Wutar ta yi ja.

Malam Hamani ya kira Faruk. Ya zo da azahar, ya ce kowa ya matsa. Ya juya masu baya, ya buɗe akwatin, ya taɓa nan ya taɓa can, ya rufe. Ya leƙa rijiyar daga nesa don kada laka ta taɓa masa shadda.

"Famfon ya ƙone, Baba. Sai sabo. Irinsa ya ƙare a shago, amma na sa a taho da shi daga Sakkwato. Cikin satin nan, in Allah ya so."

"Sati? Faruk, dubi dashen nan!"

"To ya zan yi, Baba? Ku ɗan riƙa ja da guga."

Guga ba ta iya shayar da garka irin wannan, kowa ya sani. Malam Hamani ya hau amalanke ya tafi neman aron injin mai, alhali ya san kowa na dashe, ba mai ba da nasa. A'ishatu da Inna suka yi ta ja da guga har tafin hannunsu ya yi ja. Kafin su shayar da fangali ɗaya, na gaba ya kwanta.

A'ishatu ta tsaya tana haki a gaban akwatin. Zanen allin ya dushe amma yana nan. Rana, rijiya, famfo. Ta dubi igiyar. Ta nemi ƙullin, ba ta gan shi ba. Ta leƙa. Yana can ciki, ya wuce bakin rijiya da kusan kamu guda. Icen da aka ɗaure igiyar a kai ne ya sunkuya, wataƙila garin hada-hadar dashe wani ya jingina da shi.

Ta ɗauko wayar. Wannan karon ba ta goge komai ba.

"Wuta ta yi ja. Faruk ya ce ya ƙone. Ƙulli ya shige ciki. Dashe na mutuwa."

Amsar ta zo kamar yana riƙe da wayar.

"Ina wani ƙauye bayan Illela, na taso yanzu. Amma kada ki jira ni, rana za ta faɗi. Akwatin yana warin ƙuna?"

Ta sunsuna. "A'a."

"To da wuya in ya ƙone. Kashe makunnin farko, babban. Kada ki taɓa komai sai kin kashe. Sannan ku jawo famfon da igiya, ba da waya ba."

"Inna, kama mani!"

"Ke A'i, ki rufa mana asiri, kada abin nan ya ja ki."

"Na kashe shi, Inna. Kama."

Suka ja. Nauyi gare shi, ga tiyo cike da ruwa. Inna tana ja tana salati tana zagin wanda ya ƙirƙiro shi. Famfon ya fito, gindinsa cushe da rairai da laka.

"Ya fito. Gindinsa duk rairai."

"Alhamdu lillahi. Akwai raga a wurin kamar rariya. Ki wanke ta a bokiti har ki ga ramukan. Ki girgiza shi cikin ruwa mai kyau. In kin gama ku mayar, ƙulli a bakin rijiya, ki ɗaure a ice mai ƙarfi. Kin gane?"

Duk da halin da take ciki sai da ta yi murmushi. Ta rubuta masa duka, ɗaya bayan ɗaya, kafin ya ce ta maimaita.

Ta wanke ragar da tsinken tsintsiya. Suka mayar da famfon, ta ɗaure igiyar a reshen mangwaro. Ta yi bisimilla ta kunna. Fitilar ta yi ja, ta ƙifta, ta koma koriya. Tiyon ya yi tari, ya tofar da laka, sai ga ruwa fari tas yana gudu cikin fangali.

Inna ta rangaɗa guɗa a tsakiyar garka.

A'ishatu ta zauna a ƙasa, ta rubuta masa.

"Koriya."

"Madalla, ɗalibata. Na tsaya a bakin hanya ina tafa maki, mutane na kallona."

Ta daɗe tana kallon saƙon. Sannan ta rubuta abin da ya hana ta barci.

"Wace ce Madam Fati?"

"Ashe wannan ne! Diraktar lakwal ɗinmu ce ta dā, 'yarta ta fari ta girme ki. Ita ma ta bar aji, ta buɗe wurin koya wa mata ɗinki. Sola na haɗa wa kekunanta. Kuma tana ɗinka wasu kaya da ban so ki sani ba tukuna. Ta ce in tambaye ki ko kina son shuɗi."

A'ishatu ta rufe fuska da mayafi. Inna ta dube ta ta ce, "To, famfo ya tashi, ke kuma kin lalace."

Guɗar Inna ta jawo masu garake na kusa. Kafin la'asar sakaliya wurin ya cika. Malam Hamani ya dawo da amalanke babu inji, ya tsaya a bakin shinge yana kallon ruwa na bin dashensa. Ganyen da ya kwanta ya fara ɗagowa. Bai gama jin labari daga bakin Inna ba sai ga moton Idrissa, shi da moton duk sun yi buɗu-buɗu.

Ya durƙusa ya gaida shi. Malam Hamani ya amsa, ya share ido da hannun riga.

"Ka cece ni, Idrissa, ban musu ba. Allah ya saka maka. Amma ka ga abin da nike faɗi? Yarinya ta gyara, kai kana can. Da wani ne, yau ya ci abinci da ni. Kai mi ka samu, ban da ƙurar hanya?"

Idrissa ya buɗe baki. Ga gajiya, ga iskar hanya, muryar ta ƙi fita sam. Ya sake gwadawa. Babu.

"Baba."

Kowa ya waiga. A'ishatu ce. Ba a taɓa jin ta yi magana a gaban maza ba. Idonta na ƙasa, amma muryarta ta fito.

"Baba, kai ma haka kake yi. Duk wanda irinsa ya mutu kana ba shi naka. Tun ina ƙarama nake gani. Ba ka taɓa juya wa kowa baya a bakin fangali ba. Kuma ba mu taɓa kwana da yunwa ba. In an tashi sayen iri, wurinka ake zuwa, don an san ba ka ɓoye mai kyau." Ta nuna Idrissa. "Shi ma irinsa ke nan."

Kowa ya juya ya dubi Malam Hamani.

Maƙwabcin nan da aka ba iri, Malam Alamin, ya yi gyaran murya.

"Hamani, bari in faɗa maka. Ni na daɗe ina son abin nan. Abin da ya hana ni, tsoron ranar da zai tsaya ina dashe, a ce mani sai sati. To in dai ɗiyarka da Uwani na iya tada shi, ni ma a sa mani. Amma wannan mushen nika so, wanda ke bayani."

"Ni ma," in ji wani daga baya. "Kuma ya koya ma ɗana."

"Ku bi layi," Inna ta ce. "Surukina ya gaji."

Aka fashe da dariya. Malam Hamani ya harare ta, amma gemunsa na rawa. Ya dubi dashensa, ya dubi 'yarsa, ya dubi saurayin da ke durƙushe da guntun alli yana leƙe daga aljihunsa.

"Tashi, Mushe," ya ce. "Ka ce ma kawunka ya dawo da goron nan. In bai bushe ba."

Bayan an kwashe albasa aka ɗaura aure. Garkar ta yi kyau a shekarar fiye da yadda aka zata. 'Yan Illela suka zo mota guda, tsofaffin ɗalibansa suka cika ƙofar gida suna ta kiran Mushe, Mushe. Madam Fati ta zo da akwatin kaya da kanta, ta kama haɓar amarya ta ce, "Ke ce kika yi kishi da ni? Allah ya ba ki haƙuri, ni jika nake jira." Faruk bai zo ba, amma ya aiko da fanka mai aiki da sola, aka karɓa aka yi masa addu'a.

Malam Hamani ya riƙe hannun 'yarsa ya sa a na Inna, ita kuma ta miƙa ta ga dangin ango.

"Allah ya yi maku albarka. Allah ya sa ku ci, ku ba wani. Allah ya ba ku zuri'a mai jin magana, ko da a hankali anka faɗe ta."

Aka ce amin.

A Malbaza suka zauna. Idrissa ya kama ƙaramin shago a bakin hanya, rabinsa kayan sola, rabinsa benci da baƙin allo. Ranar kasuwa masu garake sukan cika shi, maza a gaba, mata a gefe. Ranar farko ya tsaya gaban allon da alli a hannu, ya fara bayani, na baya suka ce ba sa ji. Ya sauke allin. Tsohon tsoron nan ya dawo masa a fuska.

A'ishatu ta taso daga cikin mata, ta zo ta tsaya kusa da shi.

"Faɗa mani, Mushena," ta ce a hankali. "Ni zan maimaita."

Ya sunkuyo ya raɗa mata. Ta ɗago kai ta dubi mutanen, ta faɗa da ƙarfi, har mai shayi na tsallaken hanya ya ji.

"Ya ce kafin ku taɓa komai, ku fara kashe makunni. Kun gane?"

"Mun gane!"

Idrissa ya tafa hannu sau biyu.

Allah ya bar su tare, ya sa wutar gidansu ta daɗe tana koriya.